Hodar Iblis a Gaban Kotu: Abin da Doka Ta Rubuta da Abin da Ake Yankewa

Dokar Nijeriya ba ta ɗora hodar iblis a kan sikeli kafin ta faɗi hukuncinta. Sashe na 19 na dokar da ta kafa hukumar hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, wato NDLEA, ya tanadi cewa duk wanda aka samu yana riƙe da wannan hoda, da saninsa, kuma ba tare da izinin hukuma ba, za a ɗaure shi tsawon lokacin da bai gaza shekara 15 ba, bai kuma wuce shekara 25 ba. Sashen bai ambaci nauyi ba, bai tambayi abin da mutum ya yi niyyar yi da ita ba, kuma bai zo da zaɓin biyan tara ba. Saboda haka saurayin da aka laluba aljihunsa aka samu ɗan ƙullin da bai kai giram ɗaya ba, da mutumin da aka buɗe ɗakinsa aka tarar da kilo biyu, a rubuce dai sashe ɗaya ne ke iya hawa kansu, kuma mafi ƙarancin abin da ke jiran kowannensu shi ne shekara 15. Ko da an yi wa mutum rangwamen da gidan gyaran hali kan yi wa mai kyakkyawan hali, wanda ya shiga yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai zai fito ya tarar sa'o'insa sun yi iyali, shi kuwa ƙuruciyarsa ta ƙare a bayan katanga.

Mai karatu a Birnin Kebbi ko Argungu ko Yawuri zai iya cewa wannan magana ta mutanen Legas ce, domin hodar iblis kayan masu hannu da shuni ce, mu kuwa abin da ya addabi matasanmu shi ne tabar wiwi da tiramol da maganin tari mai kodin da sholisho. Alƙaluma sun goyi bayansa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar da rahotonsa a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da wani nau'in ƙwaya a cikin shekara guda. Daga cikinsu miliyan 10.6 masu wiwi ne, miliyan 4.6 masu shan magunguna dangin tiramol ne, masu hodar iblis kuwa ba su wuce kimanin 92,000 ba a duk faɗin ƙasar. Sai dai sashen da ya ambaci hodar iblis bai tsaya a kanta ita kaɗai ba. Ya lissafa ta tare da wasu ƙwayoyi biyu, sannan ya ƙara da cewa da duk wata ƙwaya makamanciyarsu, kuma ta wannan ƙofa ce masu gabatar da ƙara suke shigo da wiwi da tiramol. Wanda ya fahimci hukuncin hodar iblis ya fahimci dokar da ake gurfanar da yaron unguwarsu a ƙarƙashinta.

Akwai kuma batun wurin da Allah ya ajiye mu. Kebbi ce kaɗai jihar Nijeriya da ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar da Jamhuriyar Benin a lokaci guda. Ganyen da ake tace hodar daga cikinsa a ƙasashen Kolombiya da Peru da Boliviya ake noma shi, kuma wani kaso na abin da aka tace yana tsallako teku, galibi ta tashoshin jiragen ruwan Brazil, ya sauka a gaɓar Afirka ta Yamma kafin ya nufi Turai, inda kuɗinsa yake. Wani ya koma ta ruwa ko ta sama, wani kuma ya bi ƙasa ya ratsa Sahel zuwa Libiya da Aljeriya. Babbar hanyar da ta taso daga Kwatano ta bi Malanbil ta tsallaka kogin Kwara zuwa Gaya da Dosso ba ta da nisa da Kamba. A watan Janairun 2022 jami'an Nijar sun kama kilo 214 na hodar a cikin motar magajin garin Fachi a arewacin ƙasar, a watan Satumban wannan shekarar kuma NDLEA ta ƙwace tan 1.8 a wani ɗakin ajiya a Ikorodu ta Jihar Legas. Kaya mai wannan yawa ba ya tafiya da ƙafarsa. Yana buƙatar direba da yaron mota da ɗan kabu-kabu da mai kwale-kwale da mai shagon da za a ce ya ajiye na kwana biyu, kuma duk inda aka saba tsallaka da shinkafa da fetur da gwanjo ta ɓarauniyar hanya, nan ne masu wannan fatauci suke neman wanda zai ɗauka ba tare da yawan tambaya ba.

Tsananin dokar yana da tarihi. Tun 1935 Turawan mulkin mallaka suka kafa dokar magunguna masu haɗari, amma abin bai ɗauki zafi ba sai a farkon shekarun 1980, lokacin da aka fara kama 'yan Nijeriya da hoda a filayen jiragen saman duniya. Gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta kafa doka mai lamba 20 a 1984, wadda ta tanadi kisa, kuma a watan Afrilun 1985 aka harbe mutum uku a Kirikiri, wato Bartholomew Owoh da Bernard Ogedengbe da Lawal Ojuolape. Abin da ya fi tayar da ƙura shi ne yadda aka mayar da dokar baya ta hau laifin da aka aikata kafin a kafa ta, abin da sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya haramta a yau. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta soke kisan a 1986 ta maye gurbinsa da ɗauri, sannan bayan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1988 a kan fataucin ƙwayoyi, ta kafa NDLEA da doka mai lamba 48 a 1989. Wannan dokar sojan ce, da 'yan gyare-gyaren da aka yi mata, ake aiki da ita har yanzu. Waɗanda suka rubuta ta hankalinsu yana kan mai haɗiye ƙulli ya hau jirgi ya zubar wa ƙasa da mutunci, shi ya sa kusan ba a ga mashayin da ke buƙatar magani a cikinta.

Sashe na 11 shi ne ginshiƙin laifuffukan. Shigo da hodar iblis ko sarrafa ta, fitar da ita ko safararta daga wani wuri zuwa wani, sayar da ita ko sayenta ko tallata ta, duk hukuncinsu ɗaurin rai da rai ne. Riƙe ta da saninka ko shan ta, ta hanyar zuƙa ko shaƙa ko allura, shi ne mai shekara 15 zuwa 25. Sashe na 12 ya hau kan mai gida ko mai kula da wuri da ya bari aka ajiye ko aka ɓoye ko aka yi cinikinta a wurinsa, da ɗaurin da zai iya kai shekara 25. Sashe na 14 kuma ya kama wanda ya haɗa baki, ko ya taimaka, ko ya zuga, ko ya yi yunƙuri bai kai ga aikatawa ba, shi ma da shekara 15 zuwa 25, ko da hannunsa bai taɓa hodar ba. A lura da yadda tazarar da ke tsakanin riƙewa da fatauci take da ƙanƙanta. Wanda ya riƙe dole daga wani wuri ya samo, idan ya ce saye ya yi to ya faɗa cikin laifi mai ɗaurin rai da rai, idan kuma a cikin mota aka kama shi ana iya cewa safara yake yi. Tun da dokar ba ta yanka nauyin da zai raba mashayi da dillali ba, zaɓin sashen da za a tuhumi mutum da shi yana hannun mai gabatar da ƙara, kuma wannan zaɓi kan fi duk abin da zai biyo baya tasiri a kan makomar wanda aka kama.

Kafin kotu ta samu mutum da laifin riƙe hodar iblis, wajibi ne mai gabatar da ƙara ya tabbatar, ba tare da barin shakka mai ma'ana ba, cewa abin da aka kama hodar iblis ce da gaske, cewa yana ƙarƙashin ikon wanda ake tuhuma, cewa ya san da shi, kuma ba shi da izinin riƙe shi. A nan ne al'adarmu ta ba da saƙo take karo da doka. A tashar Jega ko ta Kamba ko ta Birnin Kebbi, mutum kan miƙa wa direba kwali a ɗaure, ya biya kuɗin saƙo, ya rubuta lambar wayar mai karɓa a jiki, ya juya ya tafi, kuma a tarbiyyarmu buɗe saƙon wani rashin kunya ne da cin amana. Mai shago kan karɓi ajiya daga wanda suka saba gaisawa a masallaci, matafiyi kan riƙe wa maƙwabcin kujerarsa jaka. A wurin doka kuwa, ba sai an samu abu a jikin mutum ake cewa yana riƙe da shi ba. Abin da ke cikin but ɗin motar da yake tuƙawa, ko ɗakin da makullinsa ke hannunsa, ko jakar da aka rubuta sunansa a kai, duk ana iya ɗora masa, matuƙar an nuna yana da iko da shi.

Sauran kariyar da ta rage wa irin wannan mutum ita ce rashin sani, kuma kariya ce ta gaskiya wadda dokar da kanta ta amince da ita. Wahalar tana wajen yadda ake auna ta. Alƙali ba ya ganin zuciya, don haka daga halin da aka kama mutum a ciki yake gano saninsa. Direban da aka biya kuɗin da ya ninka na saƙo sau goma a kan ƙaramin kwali, wanda aka samu kayan a cikin tayar safaya ko a ƙarƙashin kujerar da aka kwance aka ɗinke, wanda ya saki babbar hanya ya bi daji don kauce wa shingen bincike, wanda ya gudu da ya ga jami'ai, ko wanda ya kasa faɗin ko da sunan mai saƙon, duk waɗannan alamu ne da kotu kan tara ta ce ya sani. Haka nan wanda ya ga dalilin zargi ƙarara ya kau da kai da gangan don kada ya sani, da wuya wannan ya fisshe shi. Direban da ya ajiye kwalin a fili tare da sauran kaya, ya karɓi kuɗin da aka saba, yana da sunan mai saƙo da lambarsa, ya kuma taimaka aka bi sawun mai karɓa, shi yana da abin faɗa a gaban alƙali.

Yawancin shari'o'in ƙwaya ana cin su ko a faɗi ne tun a kwanakin farko na kamu, kafin a ga kotu. Dokar ta ba jami'ai ikon bincike da kamawa ba tare da takardar izinin kotu ba idan suna da dalilin zargi. Bayan kamu akan yi gwajin farko, a auna nauyin kayan, a ɗebi samfur a rufe a gaban wanda ake zargi, a ba shi takardu ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, sannan a aika samfurin ɗakin binciken kimiyya. Idan aka samu giɓi a wannan sarƙa, har ya kasance ba za a iya tabbatar da cewa abin da aka gwada shi ne abin da aka karɓa daga hannunsa ba, tuhumar na iya rushewa. Sai kuma jawabin da ake rubutawa. Tsarin Mulki ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa, ya kuma wajabta a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ta dace a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta tanadi a ɗauki jawabi a gaban lauya ko wani da mutum ya aminta da shi, a samar da tafinta ga wanda ba ya jin Turanci, dokar shaida ta 2011 kuma ta hana karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar azabtarwa. Duk waɗannan haƙƙoƙi suna nan a rubuce, amma manomin Dandi ko Bagudo da bai yi boko ba, wanda aka karanta masa takarda da harshen da ba ya ji aka ce ya dangwala, sau da yawa ba ya sanin ya amsa laifi sai ranar da aka karanto jawabin nasa a kotu.

Wani abin da ke rikita iyalai shi ne kotun da za a nufa. Tun shekarar 2000 Kebbi da Zamfara suke aiki da shari'ar Musulunci a fagen laifuffuka, don haka mutane kan ɗauka cewa abin maye, kowane iri ne, maganarsa tana gaban alƙalin kotun shari'a. Tsarin Mulki ya sanya al'amarin ƙwayoyi da guba a cikin abubuwan da Gwamnatin Tarayya kaɗai ke yi wa doka, kuma dokar NDLEA ta keɓe sauraron waɗannan laifuffuka ga Babbar Kotun Tarayya, wadda ke da zama a Birnin Kebbi da Gusau. Ko Hisba ce ta yi kamu, ko 'yan sanda, ko kwastan, ƙarshenta hannun NDLEA za a miƙa, kuma ba laifi ba ne da hakimi ko mai unguwa zai sasanta, domin babu wani mai ƙara da za a roƙa ya yafe. Wannan ba ya nufin addini ya yi shiru. Haramcin duk abin da ke gusar da hankali ba abin jayayya ba ne a tsakanin malamai. Abin lura shi ne da yawa daga malaman Malikiyya sun tafi a kan cewa ƙwayar da ba ta ruwa ba hukuncinta ta'aziri ne, wato ladabtarwar da alƙali ke aunawa gwargwadon mai laifi da girman ɓarnarsa, ba haddin giya ba. A ganina wannan fahimta ta fi sashe na 19 kusa da adalci, domin ta bar wa mai hukunci damar bambanta wanda ya cuci kansa da wanda ya cuci gari.

Abin da ake yankewa a zahiri kuwa ya yi hannun riga da abin da aka rubuta. Duk mai bin labaran kotunan tarayya ya san cewa ana yanke wa masu laifin ƙwaya wata shida, shekara ɗaya, shekara biyu, shekara biyar, wani lokaci har da zaɓin biyan tara. Misalin da kowa ya ji shi ne na shari'ar da ta haɗa da dakataccen jami'in 'yan sanda Abba Kyari, wanda NDLEA ta gurfanar a 2022 kuma ya musanta tuhumar. Mutum biyu da aka gurfanar tare da shi, waɗanda suka amsa laifin shigo da kilo 21.35 na hodar iblis ta filin jirgin saman Enugu, Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke musu shekara biyu a kan kowace tuhuma, su yi zaman a haɗe. Kilo ashirin da ɗaya, laifin da doka ta rubuta masa rai da rai, ya ƙare a shekara biyu. Akwai dalilan da ke kawo haka. Dokar 2015 ta halatta yarjejeniyar sassauci tsakanin mai gabatar da ƙara da wanda ya amsa laifi, musamman idan zai ba da shaida a kan wasu. Ta umarci alƙali kada ya ɗora hukunci mafi tsanani a kan mai laifin farko, ya kuma lissafa kwanakin da mutum ya riga ya yi a tsare. Alƙalai da yawa kuma, da suka ga rashin dacewar shekara 15 a kan ɗan ƙulli, sukan yi amfani da ikonsu su sauko ƙasa.

Ba na zargin alƙalin da ya tausaya wa mashayi. Damuwata ita ce sassaucin da ba shi da ma'auni a rubuce, wanda ya fi iya nema shi ke samunsa. Mai babban lauya ya san lokacin da zai amsa laifi, ya san sashen da zai nemi a sauya masa, yana da sunayen da zai bayar a yi masa ragi, idan aka ce tara kuma kafin la'asar an biya. Yaron mota ba shi da sunan kowa da zai bayar, domin bai san kowa ba sai wanda ya miƙa masa kwali. Idan aka ba shi beli da sharaɗin kawo mai tsaya masa da ke da fili mai takarda ko babban ma'aikacin gwamnati, sai ya ci gaba da zama a tsare, ya shiga sahun masu jiran shari'a, waɗanda su ne kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran halin ƙasar nan. Wanda ya dage cewa ba shi da laifi zai iya shafe lokacin da ya fi na wanda ya amsa, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa marar laifi ya amsa don ya huta. Hukumar ba da tallafin shari'a ga marasa galihu tana da ofisoshi a jihohi, kuma ya kamata iyalin duk wanda aka kama su fara da can maimakon bin 'yan tsakiya masu alkawarin kashe magana da kuɗi, amma lauyoyinta ba su kai yawan masu buƙata ba. Shugaban NDLEA, Birgediya Janar Buba Marwa mai ritaya, wanda ya karɓi hukumar a Janairun 2021, ya sha kokawa a kan yadda manyan dillalai ke biyan tara su koma sana'arsu, kuma a wannan gaɓa yana da gaskiya.

Ɗauri ba shi ne ƙarshen hukuncin ba. Wanda aka kama ana buƙatar ya bayyana kadarorinsa, kotu na iya riƙe su na wucin gadi, idan aka same shi da laifi kuma duk abin da aka alaƙanta da fataucin ya zama na Gwamnatin Tarayya, har da motar da aka yi safarar da ita. Dokar ta ware motar haya idan ba a nuna mai ita ko mai kula da ita ya sani ko ya yarda ba, amma kafin a kai ga tabbatar da hakan motar na iya daɗewa a ajiye, iyalin da ke ci daga gare ta suna jira. Dokar ƙwato dukiyar da aka samu ta hanyar laifi ta 2022 ta ba da damar ƙwace kadara ko da ba a kai ga samun mutum da laifi ba, dokar hana halasta kuɗin haram ta wannan shekarar kuma ta tanadi ɗaurin shekara 4 zuwa 14, wanda zai iya hawa kan ɗan'uwan da ya ba da asusun bankinsa aka zuba kuɗin. Wanda aka samu da laifin shigowa ko fita da ƙwaya yana rasa fasfonsa. Bayan fitowa kuma aikin gwamnati da na ɗamara sun yi masa nisa, ƙasashe irin su Amurka ba sa ba shi biza, a gida kuwa idan ya je neman aure binciken farko shi zai tono maganar, kuma tabon kan shafi ƙannensa mata da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Ga masu tafiya ƙasa mai tsarki abin ya fi haka muni. Tun 1987 Saudiyya ta tanadi kisa ga masu shigar da ƙwaya, kuma a watan Afrilun 2019 ta zartar da shi a kan wata 'yar Nijeriya. A wannan watan ne aka sako wata ɗaliba da ta tashi daga Kano zuwa Umara, bayan ta shafe kimanin wata huɗu a tsare saboda wata jaka mai tiramol da aka liƙa wa sunanta, kuma binciken da aka yi a gida ne ya gano cewa wasu ma'aikatan filin jirgi ne suka yi wannan aika-aika. Indunusiya ma ta harbe 'yan Nijeriya a 2015 da 2016. Wanda ya tsira da ransa ya gama zaman kaso a waje kuma, sashe na 22 na dokar NDLEA yana jiransa da ɗaurin shekara 5 ba tare da zaɓin tara ba, bisa laifin zubar da sunan Nijeriya.

A watan Mayun 2024, a cikin wani kudurin gyaran dokar NDLEA, Majalisar Dattawa ta amince da a dawo da hukuncin kisa ga masu fataucin manyan ƙwayoyi. Majalisar Wakilai ba ta tafi a kan haka ba, da aka daidaita kudurin kuma aka tsaya a kan ɗaurin rai da rai, sannan a watan Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya ƙi sa masa hannu saboda wani tanadi da zai bar wa hukumar wani kaso na dukiyar da ta ƙwato. Muhawarar ta tafi a kan ƙara tsanani, alhali tsanani ba shi dokar ta rasa ba. Abin da ta rasa shi ne matakai. Ya kamata a yanka nauyin da ƙasa da shi za a ɗauki mutum a matsayin mashayi sai in an kawo hujjar cewa dillali ne, a bambanta ɗan aike da mai kaya, a toshe ƙofar tara ga wanda aka kama da kilo-kilo, a kuma rubuta dalilan sassauci yadda mai lauya da marar lauya za su amfana daidai. Kwamitin Afirka ta Yamma a kan ƙwayoyi, wanda tsohon Shugaba Olusegun Obasanjo ya jagoranta, ya ba da shawara tun 2014 cewa a daina ɗaukar shan ƙwaya a matsayin laifin ɗauri, Ghana kuma a dokarta ta 2020 ta mayar da hukuncin riƙe ƙwaya don amfanin kai zuwa tara. Na san akwai iyayen da za su ji tsoron cewa wannan sakin linzami ne, kuma tsoronsu yana da tushe, domin su ne ke kwana da yaron da ƙwaya ta haukata. Amma yaron da aka kulle tare da manyan masu laifi ba tare da magani ba, da wuya ya dawo musu a shirye. Ita kanta dokar ta yanzu, a sashe na 20, ta ba kotu damar haɗa hukunci da umarnin magani da gyaran hali, ta kuma ba ta damar yin haka a madadin hukunci idan mai laifin yaro ne. Tanadin ba ya aiki yadda ya kamata ne saboda wuraren da za a kai su sun yi kaɗan, kuma gina irin waɗannan wurare aiki ne da gwamnatin jiha za ta iya yi ba tare da jiran Abuja ba.

Kafin a gyara dokar, akwai abin da ke hannun ƙungiyoyin direbobi a tashoshinmu. Dokar ta riga ta ɗora wa duk mai sana'ar sufuri nauyin ɗaukar matakan da suka dace don kada a yi amfani da abin hawansa wajen safarar ƙwaya. Idan kowace tasha ta ajiye littafin saƙo, ɗan kamasho ya rubuta sunan mai bayarwa da lambar wayarsa da katin shaidarsa da sunan mai karɓa, aka kuma mayar da shi ƙa'ida cewa mai saƙo da kansa zai buɗe kayansa a gaban shaida kafin a ɗaure, kunyar tambaya ta sauka daga wuyan direba ta koma ƙa'idar ƙungiya. Ranar da aka tsayar da mota a hanyar Kamba ko ta Yawuri aka samu abin da ba a zata ba, wannan littafin shi ne zai kai jami'ai ga mai kayan, kuma shi ne lauyan direban zai ajiye a gaban alƙali a matsayin hujjar cewa bai sani ba.